Caji ko sauri: me zan taɓa a saitin wayata, me zan bari?

Tambaya: Wayata ta kusa shekara biyu a hannuna. In na cire ta daga caji da safe, kafin yamma ta mutu. In na kunna tsarin tanadin batir sai ta koma tafiyar hawainiya, saƙonni su riƙa shigowa a makare. In na kashe shi kuma cajin ya zube kamar ruwa a kwando. Kullum ina rufe manhajojin da na buɗe, amma ban ga bambanci ba. Akwai yadda zan saita ta ta riƙe caji ba tare da ta yi nauyi ba?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma ba sai ka sauke wata sabuwar manhaja ba. Na daɗe ina gyaran waya, kuma abin da na fi gani wajen masu irin kukanka shi ne an bar jaki ana dukan taiki. Mutum ya shaƙe wayarsa a inda ba ta cin wuta sosai, ya bar wuraren da take kwankwaɗar caji a buɗe. Tsarin tanadin batir gatari ne, ba aska ba. Da ka danna shi sai ya sare komai a tare: ya rage hasken allo, ya rage saurin furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, ya hana manhajoji motsi a bayan fage, ya jinkirta shigowar wasiƙu. A cikin waɗannan akwai masu ceto maka caji na gaske, akwai kuma waɗanda wahala kawai suke ƙara maka. Abin da nake so ka yi shi ne ka raba su, ka saita masu amfanin da hannunka, ka bar wa wayar saurinta.

Kafin ka canza komai, shiga saiti ka buɗe sashen batir. Android da iPhone duk suna nuna wace manhaja ta ci nawa, kuma suna raba lokacin da ta yi a kan allo da lokacin da ta yi tana aiki a ɓoye. Wannan rabon shi ne abin dubawa. Manhajar da ka shafe awa uku kana kallon bidiyo a cikinta, in ta zo ta ɗaya a jerin, babu laifi, aikinta ta yi. Wadda ka buɗe minti biyu amma ta yi awa biyar a bayan fage, ita ce ɓarauniyar. Sannan ka yi gwajin dare ɗaya: ka cire wayar daga caji lokacin kwanciya, ka rubuta lambar, ka sake dubawa da safe. A abin da na saba gani, waya mai lafiya 'yan kaso kaɗan take rasawa a dare. In taka ta zubar da kashi 15 ko 20 alhali ba wanda ya taɓa ta, to wani abu ne ke hana ta barci, kuma rage haske ba zai magance shi ba.

Yanzu mu zo kan allo, domin a hannun yawancin mutane shi ne babban mai ci. Haske shi ne kan gaba. Allon da aka ƙure haskensa yana jan wuta ninkin abin da yake ja a matsakaici, kuma a cikin ɗaki ido ba ya buƙatar ko rabin hakan. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya fita rana ya ɗaga hasken don ya iya karatu, ya dawo ɗaki ya manta, ya wuni haka. Ka kunna hasken da ke daidaita kansa. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, wayar tana koyo daga gyaran da kake yi mata, wato in ka riƙa ɗan rage shi duk lokacin da ya yi maka yawa, bayan 'yan kwanaki za ta gane ma'auninka. Wannan gyaran ba ya taɓa saurin waya ko kaɗan, kuma sau da yawa shi kaɗai ya fi duk sauran tasiri. Haka nan lokacin da allo ke ɗauka kafin ya mutu da kansa. In ka bar shi a minti biyar, kuma kana duba waya sau da yawa a rana kana ajiyewa ba ka kulle ba, ka lissafa mintunan da take haska rufin ɗaki a banza. Sakan 30 ko minti ɗaya ya isa.

Batun baƙin launi kuwa, wanda mutane da yawa ke ɗauka maganin komai ne, ya danganta da irin allonka. Allon LCD yana da fitila a bayansa da ke ci gaba da ci ko hoton fari ne ko baƙi, don haka mayar da shi baƙi bai rage maka komai ba. Allon OLED kuma kowane ɗigo da haskensa, kuma ɗigon da ke nuna baƙi a kashe yake. Amma ko a OLED ɗin, ribar tana bin ƙarfin haske. Masu bincike a Jami'ar Purdue da ke Amurka sun auna wannan a 2021, suka gano cewa in haske yana tsakanin kashi 30 zuwa 50, komawa baƙin launi yana rage cin wuta da kashi 3 zuwa 9 ne kacal, amma in an ƙure haske yana iya kaiwa kashi 39 zuwa 47. Saboda haka in kana yawan amfani da waya a waje cikin rana, baƙin launi zai taimake ka sosai. In zaman ɗaki ka fi yi, ka zaɓi wanda ya fi yi wa idonka daɗi.

Inda ake ciniki na gaskiya tsakanin santsi da caji shi ne saurin sabunta hoto. Tsoffin wayoyi suna zana hoton allo sau 60 a sakan ɗaya. Na yanzu da yawa suna yin sau 90 ko 120, shi ya sa in ka ja shafi da yatsa za ka ga rubutu yana bin yatsan sumul, ba ya dushewa. Wannan santsin ba kyauta ba ne, domin allon da sashen zana hoto duk aikinsu ya ƙaru. Shawarata a nan ta kasu biyu. In wayarka tana da allon da ake kira LTPO, wanda ke iya sauka da kansa ƙasa sosai, a wasu wayoyin har zuwa sau ɗaya a sakan, idan hoton a tsaye yake, ka bar shi a kan mai daidaita kansa, asararka kaɗan ce. In kuwa matsakaiciyar waya ce da ke tsalle tsakanin 60 da 120 kawai, ka gwada 60 na kwana uku. Ranar farko idonka zai yi ƙorafi. In ya saba, ka samu ƙarin caji, kuma ba wata manhaja da za ta makara wajen buɗewa, domin saurin zana hoto daban, saurin aiki daban. In bai saba ba, ka mayar, ka nemi rangwamen a wani wurin. Agogon nan da ke zama a kunne a kan allo ko waya tana kulle, shi ma yana lasar caji a hankali dare da rana. Ni a kashe nake barin nawa.

Abu na biyu, wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne sabis. Waya tana magana da turken sadarwa ne ta rediyo, kuma in turken ya yi nisa ko katanga ta shiga tsakani, sai ta ɗaga murya, wato ta ƙara ƙarfin da take aikawa da shi. In ta rasa sabis gaba ɗaya kuma ba ta haƙura, lalube za ta ci gaba da yi. Shi ya sa za ka ga mutum ya wuni a ginin da sabis ke nuna layi ɗaya, bai ma yi amfani da wayar ba, amma ta yi ɗumi a aljihu cajin ya rabu biyu. In kana wurin da akwai Wi-Fi, ka hau shi, ya fi data sauƙin ci. In tafiya kake ta hanyar da ka san babu sabis na awoyi, ka sa yanayin jirgin sama. Game da 5G, a wurare da yawa an ɗora shi ne a kan 4G, ta yadda wayar ke riƙe da layi biyu lokaci guda, kuma in 5G ɗin yana zuwa yana ɗaukewa, sauyawar kanta ci ce. A inda yake da rauni, ka tsayar da wayar a kan 4G, ba za ka ji bambanci a hira ko bidiyo ba. Bluetooth kuwa ka daina wahalar da kanka da kashe shi da kunna shi. Tun da aka shigo da nau'insa mai ƙarancin cin wuta a 2010, zamansa a kunne ba tare da aiki ba bai kai abin damuwa ba.

Ka ce kullum kana rufe manhajoji. Don Allah ka daina. Manhajar da ke cikin jerin waɗanda ka buɗe kwanan nan, galibi a daskare take a cikin RAM, wato wurin da waya ke riƙe abin da take aiki da shi na ɗan lokaci, ba ta cin komai. In ka share ta, sai wayar ta sake ɗauko ta daga ma'adana tun daga farko a buɗewa ta gaba, kuma wannan ya fi cin wuta, ya fi ɗaukar lokaci. Ka ga ka yi asara biyu ke nan, caji da sauri. A 2016 wani mai amfani da iPhone ya aika wa kamfanin Apple wannan tambayar, Craig Federighi, shugaban sashen manhaja na kamfanin, ya amsa masa cewa shi ba ya rufe su, kuma rufewar ba ta ƙara wa batir komai. Lokacin da ya dace ka tilasta wa manhaja rufuwa shi ne in ta maƙale ko ka ga tana ɗumama waya. Manhajojin nan kuma masu alƙawarin wanke waya da ƙara mata gudu, aikinsu ke nan, kashe abin da tsarin zai sake tayarwa, ga su kansu suna zaune a bayan fage suna jawo talla. Ka cire su.

Tsarin wayar ya riga ya iya wannan aikin. Android 6, a 2015, ta zo da abin da Google ya sa wa suna Doze, wato gyangyaɗi: in waya tana ajiye, allo a kashe, ba a caji, sai ta tara ayyukan manhajoji ta riƙa farkawa jefi-jefi ta yi su a dunƙule ta koma barci. Android 9 kuma ta ƙara tsarin da ke lura da manhajojin da kake yawan buɗewa, ya sassauta musu, ya matse waɗanda ka manta da su. Ka tabbata wannan a kunne yake. Abin da ya rage naka shi ne gyara ɗaya bayan ɗaya. A sabbin Android kowace manhaja tana da zaɓi uku game da batir: a sake ta, a bar tsarin ya lura da ita, ko a takura mata. Manhajar hira, ta kira, agogon farkarwa da duk wadda saƙonta ba ya jira, kada ka takura musu. Nan ne maganin makarar saƙonnin da kake kuka da ita. Wasanni, manhajojin saye da sayarwa, na gyaran hoto, da duk wadda kai ne ke zuwa wurinta ba ita ke nemanka ba, ka takura musu ba tausayi. A iPhone ma akwai jerin da ke ba ka damar hana kowace manhaja sabunta kanta a ɓoye.

Wata baiwar Allah ta taɓa kawo mini waya wadda ba ta fi wata shida ba, ta ce batir ya mutu a canza. Da na karɓa, bayanta da ɗumi, alhali daga jaka ta fito da ita. Na buɗe sashen batir a gabanta, sai ga wata 'yar manhajar hasashen yanayi a saman jeri, wadda ta ce ita ba ta ma tuna ranar da ta buɗe ta ba. Na shiga izinin da aka ba ta, na tarar an yarje mata sanin wurin da waya take a kowane lokaci. Wato dare da rana tana tayar da GPS tana tambayar ina muke. Na mayar da izinin zuwa lokacin da ake amfani da ita kaɗai, na miƙa mata wayarta ban kwance ko noti ɗaya ba. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce caji yana kai ta dare. Don haka ka bi jerin izinin sanin wuri da kanka. Taswira ce kaɗai ke buƙatar sanin takamaiman inda kake tsaye. Sauran, tun daga iOS 14 na iPhone da Android 12, kana iya ba su ƙiyasin yanki kawai.

Sai furosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafin komai, wadda ita ce kake jin nauyinta in ka kunna tanadin batir. A cikinta akwai kawuna da yawa, wasu manya masu gudu da ci, wasu ƙanana masu tsimi, tsarin da kamfanin ARM ya gabatar a 2011. Ƙananan ne ke ɗaukar aikin yau da kullum, manyan sai an buƙace su suke tashi, su gama da wuri su kwanta. Wannan gamawa da wurin ita ce hikimar. In ka daƙile furosesa sosai, aikin sakan ɗaya ya koma na sakan uku, a duk tsawon lokacin allo a kunne yake yana jira, rediyo ma haka, sai ribar ta ragu. Amma akwai ɗaya gefen. Don furosesa ta kai ƙololuwar gudunta sai an ƙara mata ƙarfin turin wuta, kuma cin wuta yana hauhawa fiye da ƙarin da aka yi: in turin ya ninka biyu, cin ninki huɗu yake yi. Ke nan ɗan gudun nan na can sama shi ne mafi tsada, kuma shi ne wanda ba ka buƙata wajen hira da karatu. Saboda haka in wayarka tana da zaɓin sassauƙan aiki, kamar yadda wasu wayoyin Samsung suke da shi, ka kunna, yana aske saman ne kawai. Yanayin cikakken ƙarfi kuwa ka bar shi sai za ka yi wasa mai nauyi. A Samsung ma kana iya shiga cikin tsarin tanadin batir ɗin ka cire zaɓin da ke tsayar da furosesa a kashi 70, ka bar sauran, sai ka samu tanadi ba tare da nauyin ba.

In nauyin wayar ne ya fi damunka, duba ma'adanarta. Wadda ta cika maƙil tana ja da baya, ka rage bidiyoyi ka bar mata sarari. Ƙarin RAM ɗin nan da ake yankowa daga ma'adana kuma kada ka sa rai da shi da yawa, domin ma'adana ba ta kai RAM na gaske gudu ba. In kuma kwanan nan ka sabunta tsarin wayar, ka ba ta kwana ɗaya ko biyu kafin ka yanke hukunci, tana sake jera kayanta ne a ɓoye.

Zafi shi ne inda caji da sauri suke haɗuwa su faɗi tare, kuma shi ya fi ba ni takaici domin ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudu don kare kanta, batirin lithium kuma zafi yana tsufar da shi. Apple ya ce wayoyinsa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 16 zuwa 22 a ma'aunin Selshiyos, kuma abin da ya haura 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Ka kwatanta waya maƙale a gilashin mota, rana na dukanta, taswira a buɗe, haske a ƙure, ga igiyar caji a jikinta. Wuta huɗu ke nan a kan batir ɗaya. Haka wanda ke wasa mai nauyi waya na caji, ko mai tura ta ƙarƙashin matashi ta kwana a jone. Batirin lithium kuma ba ya son daɗewa a cike taf, kamar yadda ba ya son a tatse shi har waya ta mutu. Shi ya sa iOS 13 a 2019 ta zo da cajin da ke tsayawa a kashi 80 cikin dare ya ƙarasa dab da lokacin tashinka, kuma yanzu iPhone 15 zuwa sama, da wayoyin Samsung da Pixel na baya-bayan nan, suna ba ka damar tsayar da caji a 80 ɗungurungum. Kai da cajinka ba ya kai ka yamma, ba zan ce ka yanke kashi 20 daga ranarka ba. Ka kunna mai jinkirtawa cikin dare, ya ishe ka.

Tsarin tanadin batir bai zama abin yarwa ba, lokacinsa ne ya kamata ka sani. Ka saita shi ya kunna kansa in caji ya sauka kashi 20, kamar yadda iPhone ke tambaya a 20 da kuma 10, ko ka kunna shi da hannu tun da safe a ranar da ka san ba za ka ga caja ba. A irin wannan rana makarar saƙo ta fi mutuwar waya sauƙi.

Saura shekara biyun da ka ambata. Batir yana da adadin zagayen caji da zai iya ɗauka, kuma zagaye ɗaya shi ne jimillar kashi 100, ko da rabi yau rabi gobe ne. Apple ya ce an ƙera batirin iPhone 14 da na waɗanda suka riga ta fitowa su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000. Mai cinye caji guda a rana zai kai 500 kafin shekara ɗaya da rabi. Tsohon batir ba ƙarancin caji kaɗai ke damunsa ba, ba ya ma iya ba da wuta mai yawa farat ɗaya in furosesa ta nema. Wannan ne ya sa a ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu iPhone masu tsohon batir don kada su riƙa mutuwa ba zato, daga baya a 2018 ya ƙara shafin lafiyar batir a iOS 11.3. Ka duba wannan shafin in iPhone ce, in Android ce ka nemi makamancinsa a sashen batir ko manhajar binciken lafiyar waya ta kamfanin da ya ƙera ta. In lambar ta sauka ƙasa da 80, ko wayar tana mutuwa alhali tana nuna saura kashi 20 ko 30, gyaran saiti zai rage maka zafi ne kawai, sabon batir na asali shi zai dawo da cajin da saurin tare. In kuwa ka ajiye ta a kan teburi ka ga tana lilo, ko murfin baya ya ɗaga, ko allo ya fara rabuwa da jiki, batirin ya kumbura. Kada ka sake jona ta a caji, kada ka danna wurin, ka kashe ta ka kai wa mai gyara a ranar.